Yadda ƙungiyarku zata sa gwamnati ta canza doka ko tsari, ba ihu a Facebook kawai ba

Wlh abinda yake ci min tuwo a ƙwarya da mutanenmu shine mun iya ƙorafi kamar me, a teburin mai shayi, a majalisar bayan la'asar, a guruf ɗin WhatsApp, amma ranar da akace majalisa zata yi zaman jin ra'ayin jama'a akan dokar da zata taɓa abincinmu sai kaga babu ko ɗaya daga cikinmu a wajen, waɗanda suka shirya sune suka zo da takardunsu suka faɗi nasu aka rubuta. Bayan wata shida doka ta fito sai mu fara ihu bayan hari. Toh wannan rubutun don ku ne masu ƙungiya, ko ta 'yan kasuwa ce, ko ta manoma, ko ta 'yan adaidaita sahu, ko ta malaman makaranta, ko ta cigaban unguwa. Gwamnati tana canza ra'ayi fa, ta sha canzawa, amma akwai yadda ake bi da ita.

Abu na farko, ku rage buƙatunku su koma guda ɗaya. Nasan da wuya. Mun taɓa zuwa wani ofis da ƙungiyarmu ta unguwa, takardarmu shafi huɗu, akwai maganar ruwa, akwai kwata, akwai taransifoma, akwai aikin yi ga matasa, har da maƙabarta. Mutumin ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka sha lemo aka ɗauki hoto, yace in sha Allahu za'a duba. Har yau ana dubawa. Kuma daga baya na gane mu muka sauƙaƙa masa, domin wanda ka bawa buƙata goma ka bashi damar ya zaɓi mafi arha ko ya bar su duka, babu wadda zaka dawo ka riƙe shi da ita.

Ku dubi yadda matasan Not Too Young To Run suka yi. Matsalolin matasa a Najeriya ai basa ƙirguwa, amma su abu ɗaya suka kama: a rage shekarun tsayawa takara. Shikenan. Sun faro a 2016, ƙungiyar YIAGA ta su Samson Itodo ce a gaba, kuma ranar 31 ga Mayu 2018 Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Buƙatar da zaka iya faɗa a jimla ɗaya, wadda ɗan majalisa zai amsa maka da eh ko a'a, ita ce buƙata. "A taimaki manoma" ba buƙata bace, addu'a ce. "A riƙa raba takin gwamnati kafin ƙarshen watan Mayu kuma a liƙa sunayen waɗanda suka samu a kowace mazaɓa", wannan kam buƙata ce.

Sai kuma ku gano waye yake riƙe da alƙalamin. Anan mutane da yawa suke ɓata shekara guda a banza. Abinda kuke nema doka ce sabuwa, ko gyaran doka, ko kuwa wata takardar umarni ce kawai da kwamishina ko darakta zai iya janyewa gobe da safe? Na tarayya ne, na jiha, ko na ƙaramar hukuma? Kuɗin rumfar kasuwa da tasha yawanci maganar ƙaramar hukuma ce ko jiha, kaje ka tare sanata akai ba abinda zai maka sai dai ya baka kuɗin mota. Harajin kwastan kuma ko gwamna bashi da ta cewa. Ku samu lauya ko wani tsohon ma'aikacin gwamnati da yayi ritaya, ai kowace unguwa akwai su, ku zauna dashi yini ɗaya ya zana muku hanyar da fayil yake bi daga tebur zuwa tebur. Kuma dan Allah kar ku raina ƙananan ma'aikata. Akawun kwamiti a majalisa, sakataren ofis, daraktan tsare-tsare, waɗannan su suke rubuta abinda oga yake sa wa hannu, kuma gwamnati ta tafi wata tazo suna nan a kujerarsu.

In maganar ta majalisa ce to ku san matakan. Ƙudiri yana shiga ayi masa karatu na ɗaya, wannan gabatarwa ce kawai. Karatu na biyu anan ake muhawara. Daga nan a miƙa shi kwamiti, kuma kwamitin ne yake kiran zaman jin ra'ayin jama'a, nan ne ƙofarku take, kowa yana da damar kai takardar matsayarsa ya kuma nemi a bashi minti biyar yayi magana. Sai karatu na uku. A tarayya dole majalisun biyu su amince, sanatoci 109 da wakilai 360, sannan a kaiwa shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A jiha majalisa ɗaya ce kuma 'yan majalisar basu da yawa, ta Kano ma da ake ganin girmanta mutum 40 ne, kaga ƙungiyar da ta tashi tsaye zata iya ganin kowannensu ido da ido cikin wata biyu. Kuma kar ku ɗauka zaman jin ra'ayin nan wasan kwaikwayo ne ko yaushe. Ƙudirin nan na takaita soshiyal midiya da Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo a 2019, da aka zo zaman jin ra'ayi a watan Maris 2020 ƙungiyoyi suka cika zauren mafi yawansu suka ce basu yarda ba, daga nan bai sake motsin kirki ba.

Yanzu maganar takarda, wadda ni a ganina ita ce inda muka fi rauni. Kada kuje da baki. Ku rubuta shafi ɗaya, in ya yi yawa biyu: ga matsalar, ga mutum nawa ta shafa, ga abinda muke so ayi, ga abinda zai ci, ga inda kuɗin zai fito. Wannan na ƙarshen shine sirrin. Duk wanda yaje wajen gwamnati amsar da yake samu ita ce babu kuɗi, to ka riga shi. ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta, da suka yi yajin aiki gwamnatin Babangida tace ina za'a samo kuɗin gyara jami'o'i, ai basu tsaya kuka ba, sun kawo shawarar a ɗora harajin ilimi akan ribar kamfanoni. A 1993 aka yi dokar, kashi 2 cikin 100, asusun da daga baya a 2011 ya koma TETFund, asusun tallafawa manyan makarantu. Yau ka shiga BUK ko ABU ko kowace kwalejin ilimi ka ƙirga gine-ginen da aka rubuta TETFund a jikinsu. Wannan ƙungiya ce ta kawo shi, ba wani minista bane ya kwana ya tashi dashi.

Alƙaluma kuma ku tara naku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wajen da yatsa. In kunce haraji ya muku yawa to ku tattaro rasit na mambobi ɗari, ku lissafa nawa mutum ɗaya yake biya a wata da sunan hukuma nawa. In bayanan suna hannun ma'aikatar gwamnati akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta wasiƙa ka nemi takardar kwangila ko ta kasafi, doka ta basu kwana 7 su amsa, in sun ƙi kana iya zuwa kotu. Ba kullum suke amsawa ba gaskiya, amma kaje da kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata akan naka, wannan kwafin kansa makami ne ranar da kuka je rediyo. Duk wasiƙar da zaku kai ko'ina haka zaku yi mata, wasiƙar da ba'a buga mata hatimi ba kamar ba'a kai ta bane.

Ita kanta wannan dokar ta bayanai darasi ce. 'Yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi, irin su Media Rights Agenda, tun wajen 1993 suka fara rubuta ta. Majalisa ta amince a 2007 Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, aka koma farko, sai a watan Mayu 2011 Jonathan ya sa hannu. Shekara kusan 18 kenan. Ban faɗi wannan don in karya muku gwiwa ba, na faɗa ne don ku zaɓi shugabannin da zasu iya jure zirga-zirga, kuma ku riƙa rubuta komai a ajiye, saboda waɗanda suka fara ba lallai su ne zasu ƙarasa ba.

Kamun ƙafa. Mutane suna jin kalmar sai su ɗauka cin hanci ake nufi, a'a. Kamun ƙafa shine ka samu wanda yake ciki ya ɗauki maganarka kamar tasa. Matasan nan na rage shekaru sun samu Tony Nwulu a majalisar wakilai da Abdul-Aziz Nyako a majalisar dattawa suka ɗauki nauyin ƙudirin. Kuma tunda gyaran kundin tsarin mulki ne sai da majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36 suka amince, don haka suka kafa mutanensu jiha jiha, suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsu eh ko a'a, suna wallafa sunan wanda ya yarda da wanda ya noƙe. Ku ma haka zaku yi, ku samu littafi ku raba shi uku: namu, masu adawa, da waɗanda basu tsaya ko'ina ba. Ƙarfinku duka ku zuba akan na ukun nan. Kuma wanda zai je wajen ɗan majalisa ya zama ɗan mazaɓarsa ne, domin shi ɗan siyasa kafin ka gama magana ya gama lissafin ƙuri'a nawa ke bayanka. In kuna da hakimi ko limami ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ku tafi tare, a ƙasar nan ido yana da kunya, amma ku tabbatar dattijon ya fahimci buƙatar tukunna kar aje a ɓige da gaisuwa da addu'a a tashi.

Kuma in kun shiga ku tambayi kanku, shi me zai samu? Ba kuɗi nake nufi ba. Suna, yabo a rediyo, abinda zai nuna lokacin kamfen. Ku bar masa yabon, ku dai ku samu aikin.

Lokaci ma yana da nasa. Ba'a fafe gora ranar tafiya, in abinku na kuɗi ne to tun tsakiyar shekara ma'aikatu suke haɗa bajet ɗinsu, in kuka bari sai gwamna ya gabatar da kasafi a majalisa wajen ƙarshen shekara kun kusa makara, saura ɗan abinda za'a iya cusawa lokacin da kwamitoci suke kare kasafi. Sannan gab da zaɓe kunnen kowa a buɗe yake. Dokar masu buƙata ta musamman da aka shafe shekaru ana kai ruwa rana akanta, majalisa ta amince a ƙi sa hannu, a watan Janairu 2019 aka sa mata hannu, saura 'yan makonni zaɓe. Ba sai an faɗa maka dalili ba.

Toh sai rediyo da waya. Mu a Arewa har yanzu rediyo ita ce sarki, shirin safe guda ɗaya da mutane suke bugo waya yafi posting ɗari, domin shi jami'in da kuke magana akansa a mota yake jinsa akan hanyar ofis. Amma soshiyal midiya ma tana aiki in an ɗaura ta akan hujja. Ku tuna Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a yankin tun daga 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce bazasu iya yiwa yaran Bagega magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar tukunna don in an yi musu maganin ma zasu koma cikinta, gwamnatin tarayya tayi alƙawarin kuɗi amma shiru wata da watanni. Su Hamzat Lawal na Follow The Money, masu bibiyar kuɗin gwamnati, tare da wasu ƙungiyoyi suka kama abu ɗaya, a saki kuɗin da aka riga aka yi alƙawari, suka dinga bugawa da sunan garin da hotuna, kuma a farkon 2013 aka saki kuɗin aka fara aikin. Ba zagin kowa suka yi ba. Wannan ina so ku riƙe shi da kyau, ranar da kuka zagi mutumin da sa hannunsa kuke nema, ranar kuka mayar da maganar ta girman kai, kuma zai gwammace komai ya lalace da ace kun tanƙwara shi.

Yajin aiki da zanga-zanga su ne na ƙarshe, ba na farko ba. Suna aiki, babu mai musu. Ranar 1 ga Janairu 2012 aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, Kano da Legas da Kaduna duk suka tsaya cak, bayan mako guda gwamnati ta sauko zuwa 97. Amma an rasa rayuka a wannan makon, kar a manta. Kuma makamin nan in ya daɗe a hannu mai shi yake yanka. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yaran talakawa ne suka zauna a gida, gwamnati ta riƙe albashi, ƙarshe kotu ce tace a koma aji, kuma iyayen da suke goyon bayan malaman da farko da yawansu sun gaji sun juya. Don haka kafin ku rufe kasuwa ko ku ajiye mashin ku zauna kuyi lissafi, mambobinmu kwana nawa zasu iya ba tare da cefane ya gagara ba, wa zai sha wahala, kuma me za'a bamu mu janye. In baku da amsar ta ukun kar ku fara. In zaku fita titi kuma ku sanar da 'yan sanda a rubuce, ku sa naku masu kula da layi, saboda ɓata-gari ɗaya ya fasa shago an gama da maganarku, gobe labarin fasa shago za'a yi ba buƙatarku ba.

Ku lura kuma manyan da suka fi kowa samun abinda suke so ba kasafai zaka gansu a titi ba. A watan Maris 2018 ƙasashen Afirka suka taru a Kigali sa hannu akan yarjejeniyar kasuwanci ba shinge, Buhari ya fasa zuwa, saboda ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da 'yan ƙwadago sun ce ba'a tuntuɓe su ba. Sai da aka zagaya aka ji ta bakinsu sannan ya sa hannu a Yamai a watan Yuli 2019. Su waɗannan suna da ofis, suna da ma'aikatan da aikinsu kenan karanta duk takardar da gwamnati ta fitar, suna da kujera a kwamitoci. Ku baza ku iya duk wannan ba amma kuna iya yin rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku, ku riƙa karɓar kuɗin wata ko ɗari biyu ne, ku ware mutum biyu masu karatu aikinsu kawai bibiyar majalisa da ma'aikatar da ta shafe ku. Kuɗin kanku yana da muhimmanci sosai, ƙungiyar da ɗan siyasa yake biya mata hayar ofis bazata iya buɗe baki akansa ba.

Ranar zama teburin sulhu kuma ku shiga da sanin ba duka zaku samu ba. A 2024 NLC da naira dubu 615 ta fara a matsayin mafi ƙarancin albashi, gwamnati ta fara da dubu 48, akayi yajin aiki a farkon watan Yuni har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, ƙarshe a watan Yuli aka tsaya a dubu 70, amma sun samo wani abu da mutane basu cika kula dashi ba, an rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Su ma matasan Not Too Young To Run sun so a rage shekarun takarar sanata da gwamna, ba'a rage ba yana nan a 35, suka karɓi abinda ya samu. Tun a gida ku yanke iyakar da baza ku sauka ƙasa da ita ba, kuma kada ku taɓa barin shugaba ya shiga ganawa shi kaɗai, ko da waliyyi ne. Mutum uku aƙalla, a rubuta abinda aka cimma kowa ya sa hannu, a dawo a karantawa mambobi a ranar. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wajen shiga, kuma dabarar da aka fi yiwa ƙungiyoyi ita ce a kira mutum ɗaya gefe a bashi muƙami ko kujerar Makka, ko a ƙirƙiro wata ƙungiyar kishiya mai kama da sunanku ta fito a talabijin tace ita ta gamsu.

In an sa hannu kuma kar ku watse, anan ne aikin yake komawa sabo. Dokar masu buƙata ta musamman ta bada shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024, kaje sakatariyar da ta fi kusa da kai ka duba matattakalar. Ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Albashin dubu 30 da aka sa wa hannu a 2019 akwai jihohin da suka shafe shekaru basu fara biya ba. Don haka ranar da aka amince muku ku nemi kwafin takardar, ku tambayi wane ofis ne zai aiwatar da kuma sunan muƙamin wanda fayil ɗin yake teburinsa, ku duba ko an sa kuɗin a kasafi kuma a wane layi, sannan ku sa rana a kalanda duk bayan wata uku mutanenku biyun nan su koma da wasiƙa kwafi biyu su tambayi ina aka kwana.